Kwamfutocin Ɗayyaba da Albasar Dankure

Sallama gare ku masu bibiyar wannan shafi, har da wadda ta rubuto a ƙasan fitowar da ta wuce cewa tsoho ɗan shekara sittin ba shi da hurumi a dandalin labaran soyayya. Na gode, 'yata. Ki daure ki karanta, ba zan cinye miki data ba.

Ga wanda ya shigo yau: sunana Albashir. Na koyar da lissafi a sakandare har gwamnati ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Ina zaune a Birnin Kebbi, a gida mai ɗaki uku, ɗaya nawa, biyu na littattafai. Matata Ɗayyaba ta rasu damina biyu da suka wuce. Tun daga sadakar arba'in yayata Hajjo ta ɗora wa kanta aikin nemo mini mata. Kowace safiya hoto zai shigo wayata, saƙon murya na biye da shi.

"Albashir, duba wagga. Bazawara ta, ɗiyar mutunci, kuma ta iya tuwon shinkahwa."

Na taɓa amsa mata cewa tuwo ana sayar da shi a bakin tasha. Ta yi mako ba ta kula ni ba. Makon ya yi mini daɗi.

Ɗayyaba 'yar Argungu ce. A ɗakin ƙofar gidansu ta buɗe ajin mata: matan masunta, masu soya kifi, masu turara shinkafa, waɗanda boko ya wuce su suna ɗauke da talla. Wata ƙungiya ta ba ta tsofaffin kwamfutoci bakwai, ita kuma ta shirya darussa da kanta. Harafi ya fito, hoto ya fito, muryarta ta faɗi kalmar. Mace ta danna, ta ji, ta maimaita. Bayan rasuwarta ajin ya ɗan ci gaba da rarrafe, sai kwamfutocin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe ɗakin.

Ranar da na je Argungu duba su, na tarar da ƙaninta Dankure zaune a benci a ƙofar gida, da rigar gona, hula ta karkace, yana ɓare rake. Manomin albasa ne. A al'ada akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, amma namu wasan ya daɗe da fitar da ƙaya.

"Mijin Yaya, ka zo ziyarar gawawwakinka?"

"Na zo in ji ko har yanzu kana warin albasa. Alhamdu lillahi, ba ka canza ba."

Ya tofar da ɓawon rake. "Mai gyara yaz zo tun daga Sakkwato, yac ce sun tsuhwa, tsarin zamani ba ya hawa bisansu. Ni ko albasata na nan tahe, ba ni da wurin aje ta. Ranar da anka ciro ta, in waɗanga akwatuna ba su yi magana ba, waje za su."

"Ɗakin Ɗayyaba ne."

"Ɗakin ubanmu na. Aro ta yi."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Babu abin da na tsana kamar jahili ya riƙe gaskiya.

Zan shiga mota ke nan Nana ta tare ni, dattijuwa mai soya kifi, shugabar ɗaliban, goro cike da kumatu. Ta ce, "Malam, saura kaɗan in iya karanta takardar asibiti da kaina anka tsaya. Kada ka bari a zuba muna albasa bisa karatu." Na ce mata to. Na koma na ɗauko kwamfuta ɗaya da kwafin darussan, na dawo Birnin Kebbi da akwatin ƙarfe a cinya kamar mai kai jinjiri asibiti.

Bari in yi bayani a taƙaice, don na san soyayya kuka zo nema. Kwamfuta ba ta san komai ba sai an ɗora mata tsarin da ke sarrafa ta. Tsare-tsaren yanzu kuwa kamar kayan ɗakin amarya suke: an haɗo abin amfani da abin nuna wa maƙwabta. Tsohuwar kwamfuta ba ta iya ɗauka. Amma akwai Linux, wanda ake ba kowa ɗanyensa kyauta, ka auna, ka yanka, ka ɗinka daidai jikinka. Na fara taɓa shi a shekarun ƙarshe na koyarwa, na zurfafa bayan rasuwa, domin littafin umarnin kwamfuta ne kaɗai abin karantawar da bai taɓa ce mini "sai haƙuri" ba.

Da na buɗe akwatin na ga faifan ajiyar ciki ne ya mutu, sauran jikin lafiya lau. Sai na yanke shawara: ba zan ɗauko tsarin da wani ya ɗinka ba, zan ƙera nawa daga tushe. Ƙwayar tsarin, wadda masu harkar ke kira kanel, sai ƙaramin tarin kayan aiki, sai darussan Ɗayyaba. Shi ke nan. Ya zama ƙarami har ya shige ƙwaƙwalwar kwamfutar gaba ɗaya daga filashi, ɗan abin ajiyar nan mai tsawon yatsa, ba ruwansa da mataccen faifai.

Aikin yana son wuta mai ɗorewa da intanet, gidana kuwa ba ko ɗaya. Haka na faɗa shagon Basirat.

Kusa da babbar kasuwa yake, tana sayar da kayan kwamfuta da na waya, da sola a kan rufi. Iyayenta daga Ogbomosho suka zo, amma a nan aka yanke mata cibiya, bakinta ya fi nawa Kabanci, ni da karatun Zariya ya goge wa harshe. Mijinta ya rasu, ɗanta Seun yana jami'a. Ranar farko na same ta cikin atamfa ruwan ganye, ɗaurin ɗankwali mai tsayi irin nasu, gyale a kafaɗa, tabarau rataye a wuya da siririyar sarƙa. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Malam, awa nawa za ka zauna?"

"Har in gama ƙera tsarin kwamfuta."

"To bari in sa a kawo ma katihwa."

Ta ba ni tebur a lungu, kusa da fanka.

Kafin a haɗa kanel sai ya yi maka tambayoyi dubbai. Kana son ya san firinta? A'a. Kyamara? A'a. Intanet? A'a. Kayan wasanni? A'a. Masu karatu, ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Shekara biyu mutane suna kawo mini shawara ina cewa "to, Allah ya zaɓa mafi alheri." Yau ga wanda zai tambaye ni sau dubu in ce a'a, bai yi fushi ba, bai kai ƙarata wajen Hajjo ba.

Na haɗa, na zuba a filashi, na kunna. Rubutu ya gudana a allon, ya tsaya cak. A Turance kwamfutar ta rubuta cewa ƙwayar ta firgita. Haka masu abin suka sa wa wannan mutuwar suna.

Basirat ta sa tabarau ta karanta, ta ƙyalƙyale da dariya har mai sayen caja ya juyo.

"Ka tuɓe ta tsirara, ba dole ta hirgita ba?"

Ashe cikin a'a ɗina na cire abin da zai buɗe ƙunshin kayan aikin. Na mayar. Karo na biyu ta farka, amma kibod ya ƙi motsi, shi ma na cire shi. Na mayar. Haka muka yi ta yi, ni da kanel, kamar ciniki da mahauci: in rage, ya ƙi, in ƙara kaɗan.

A cikin kwanakin ne saƙonnin Basirat suka fara shigowa bayan na koma gida.

"Ya mai jiki?"

"Ta buɗe ido, ba ta gane mutane."

"Kamar mai jinyarta ke nan."

Wata rana ta ajiye mini kwanon amala da miyar ayayo a kan teburin, ta ce in na yi sharhi za ta kashe fanka. Ban yi sharhi ba. Na dai mayar da kwanon babu abin wankewa.

Ranar Laraba bayan azahar abin ya tashi. Na danna, kafin Basirat ta gama ba wani yaro canji, allon ya yi fari, ga harafin K, ga hoton kifi da Ɗayyaba ta ɗauka da wayarta a kasuwar Argungu. Kwamfutar da aka yi wa sallar gawa ta tashi da sauri fiye da sababbin da ke kan kantar shagon. Dukan tsarin bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya ba. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Basirat ta tafa. "Malam Albashir! Ashe dai ba zaman shan iskar hwanka kaz zo ba." Ta matso, ta danna maɓalli. Ta sake dannawa. Ta duba wayar sifika. "Ina muryar?"

"Na cire sauti. Nauyi ne."

"Nauyin nawa?"

Gaskiyar ita ce bai kai nauyin hoton kifin ba.

"Matan nan da za su zauna gaban wanga abu, sun iya karatu?"

"Da sun iya da ba su zo ba."

"To wa zai hwaɗa musu mi ag ga allo?"

"Ga hoto nan."

Ta cire tabarau, ta sake shi ya faɗa ƙirjinta. Ta yi ƙasa da murya don kada masu saye su ji.

"Malam, wayar Baban Seun tana cikin durowata. Cike take da saƙonnin muryarshi. Sai da na shekara ban caza ta ba. Na san wanga ciwo, ba labari anka ba ni ba. Amma ni ba mata ashirin ke jiran wayar ba."

Na karanta littattafai cikin harsuna uku, a cikinsu akwai amsar kusan kowace magana. Na laluba ban samu ta wannan ba. Na ɗauki hulata, na fita ba sallama, na hau kabu-kabu, na yi wa ɗan kabu-kabun faɗa a kan ramin da ba shi ya haƙa ba.

Washegari na dawo. Basirat ta kunna mini fankar. Na koma cikin tambayoyin, na nemo ta sauti, na ce i. Na ƙara ƙaramar manhajar kunna murya da ta daidaita ƙara. Na haɗa. Sannan na zare wayar sifika kafin in kunna.

"Ka gwada?" in ji ta.

"Na karanta umarnin sau biyu. Zai yi."

"Malamin lissahi da bai duba amsa ba."

A daidai lokacin saƙon Dankure ya shigo. Hoton buhunan albasa jere a gona, a ƙasa kalma ɗaya: "Asabar."

Ranar Asabar na sa farar shaddar da Ɗayyaba ta kai ɗinki da kanta, wadda ban taɓa ba tun rasuwar, da hula zanna. Na isa tasha da akwatina, sai ga Basirat a gidan gaba na motar Argungu, cikin leshi ruwan toka, da kwando a cinya.

"Shagon fa?"

"Na ruhe. Kihi za ni saye."

"Babu kifi a Birnin Kebbi?"

"Shiga mota, Malam, kana tsai da mutane."

Mun isa da hantsi. Mata sun cika ƙofar gidan, wasu da goyo, wasu da ƙamshin man suya a zannuwansu. Ga amalanke biyu shaƙe da albasa, 'yan dako suna jingine da su. Dankure ya kawo janaretonsa na gona, ya tayar da kansa.

"Don kada ka ce wuta ta, mijin Yaya."

An share ɗakin. Ƙananan sifikun da Ɗayyaba ta saya suna nan, Nana ta lulluɓe su da tsohon zane. Na jona komai. Na sa filashi a ta farko, na kunna, ta tashi. Na zare, na sa a ta biyu. Ta tashi. Ta uku. Filashi ɗaya, kamar mai kunna fitilu da ashana guda. Da allo na bakwai ya yi fari wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Kifi bakwai suna kallonmu daga bango zuwa bango.

Nana ta zauna a gaban tata, ta goge yatsa a zane, ta yi bisimilla, ta danna.

Shiru.

Ta sake dannawa. Janareto kaɗai ke magana a waje.

Dankure ya jingina da ƙofa. "Na ce su yi magana, mijin Yaya. Ban ce su buɗe ido ba." Ya juya ga 'yan dako. "Ku hwara saukewa."

Na ji buhu na farko ya dira a ƙasa. Gumi ya jiƙa wuyan shaddar. Na duba waya, a jone take. Na duba kanel, ya ga na'urar sautin, ya san sunanta. To me ya rage? Sai wani layi ya dawo mini, layin da na karanta sau biyu idona ya zame a kansa sau biyu: a wannan tsarin sauti a rufe yake farkawa, sai mutum ya buɗe shi da hannunsa. Da na gwada a shago da na sani. Ban gwada ba.

Basirat tana tsaye a kafaɗata. Ta ce a hankali, "Ka gano?"

"Na gano."

"To ni ban iya ba. Kai za ka buɗe."

Na jawo kibod ɗin Nana. Umarnin gajere ne, bai kai tsawon sunana ba sau uku. Na rubuta. Na kai ƙarar ƙarshe, don ban san yadda sifikun suke ba. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin ƙarshe. Buhu na biyu ya dira.

Na danna.

"Assalamu alaikum, 'yan uwana. Ku gyara zama. Nana, aje goron nan, ba a karatu da baki cike."

Muryar ta cika ɗakin ta fita har titi. Ita ce, da ɗan dusashewar nan tata ta safe, da dariyar da take ɓoyewa a ƙarshen magana. Nana ta yi wuf ta tofa goron a tafin hannu ta ɓoye a bayanta, kamar yarinya. Ɗakin ya fashe, rabi dariya rabi kuka, wasu duka biyun.

"Wannan K ne," in ji Ɗayyaba. "Kifi. Ku ce kifi."

"Kihi!" in ji mata ashirin.

Masu karatu, shekara biyu ina gudun wannan muryar kamar mai gudun kogi a tsakiyar damina. Ga shi ta same ni a tsaye. Ban faɗi ba. Ban mutu ba. Na matsa ta biyu na buɗe, na matsa ta uku. Da na gama, Ɗayyaba tana magana daga kusurwa bakwai, kowace da inda ta kai, kamar gidan biki. Na zauna na rubuta umarnin cikin abin da tsarin ke karantawa da zarar ya farka, don kada wani ya sake buƙatar buɗewa. Na nuna wa Nana ramin da ake sa filashi, na damƙa mata. Ta ƙulle shi a bakin zane, inda take ƙulle abin da ba a wasa da shi.

Na fito. Dankure yana tsaye bayan amalanke, hula a hannu, yana murza ido.

"Albasa ta," in ji shi.

Albasar tana cikin buhu, a ɗaure.

Ya daka wa 'yan dako tsawa kamar su suka yi masa laifi. "Ku mai da su! Ku kai ɗakina na ciki. Ni na kwana zaure." Ya laluba aljihu, ya ciro makullin ɗakin, ya cilla mini ba tare da ya dube ni ba. "Janareton ma a bar shi nan Asabar da Lahadi. Man dai ku za ku saye, ni ba gwamnati ba ne."

"Allah ya sa albasar ta yi daraja."

"Amin. Wagga da kaz zo da ita hwa?"

"Kifi ta zo saye."

Ya leƙa ɗakin. Basirat tana durƙushe kusa da wata mai goyo, tana riƙe mata yatsa a kan kibod, kwandonta a gefe.

"To kwandon dai wayam shike," in ji Dankure. Ya kwance bakin buhu, ya cika mata kwandon da albasa, manya-manya, ya zaɓa. "Ka ce mata daga gidan su Ɗayyaba."

Ni da Basirat muka kamo hanyar gida. Ta yi barci daga wajen gari, ɗankwalin ya ɗan karkace, ni kuma na riƙe kwandon albasa a kan farar shadda har Birnin Kebbi, ban damu ba.

Bayan magariba ina zaune tsakanin littattafaina, saƙonta ya shigo.

"Yayana Alhaji Abdussamadu ya ji na ruhe shago na bi wani malami Argungu. Ya ce wane ne. Na ce malamin zai zo ya gabatar da kanshi gobe bayan la'asar. Kada ka maishe ni maƙaryaciya."

Na rubuta "a'a," don hannuna ya saba. Na zuba wa kalmar ido. Na tuna kanel ɗina da na yi ta cirewa har ya firgita. Na goge.

Na rubuta: "Wace hula ake sawa in za a gaida Alhajin Ogbomosho?"

Alamar cewa tana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa.

Kafin amsar ta iso wayar ta hau ruri a hannuna. Hajjo ce, kuma ba saƙon murya ba, kira ne. Hajjo ba ta kashe katinta a kaina sai an yi mutuwa ko an yi abin da ya fi mutuwa.

Na ɗauka.

"Albashir," in ji ta, ko sallama babu. "Nana ta kira ni. Wace ta mai leshi?"